Ƙwarƙwata a Kan Yarinya Mai Kitso: Yadda Ake Gane Ta da Yadda Ake Maganinta

Gabatarwa

Ƙwarƙwata tana daga cikin abubuwan da ba a son ambatonsu a bainar jama'a. Uwa za ta iya gaya wa maƙwabciyarta cewa 'yarta tana fama da zazzaɓi ko gudawa, amma da wuya ta buɗe baki ta ce ƙwarƙwata ce a kan yarinyar, don gudun kada a ce da ita ƙazama. Wannan kunyar ce take sa a yi magani a ɓoye, ba tare da an tambayi ma'aikacin lafiya ba, kuma a nan ne ɓarna take shigowa. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan ƙwarƙwatar kai, musamman idan ta kama yarinyar da ke da kitso, domin kitso yana da nasa matsaloli waɗanda takardar da ke cikin kwalin magani ba ta yin maganarsu. Mafi yawan waɗannan magunguna an yi su ne a ƙasashen da yara suke barin gashinsu a sake.

Mece ce ƙwarƙwata?

Ƙwarƙwata wani ɗan ƙwaro ne mai ƙafa shida wanda girmansa bai wuce ƙwayar riɗi ba, wato milimita 2 zuwa 3. Yarabawa suna kiran ta iná orí, Ibo kuma suna ce mata igwu. Ba ta da fiffike, saboda haka ba ta tashi, kuma ba ta tsalle irin na ƙuma. Rarrafe kawai take yi, amma tana da sauri, kuma a ƙarshen kowace ƙafa tana da ɗan ƙugiya da take riƙe silin gashi da shi. Abincinta jinin ɗan Adam ne, tana sha sau da yawa a yini. Ba a ɗaukar ta daga kare ko kyanwa ko akuya. Daga kan mutum take zuwa kan mutum.

Ya kamata ɗalibi ya bambance ta da 'yan uwanta da ake yawan haɗa su a magana. Kuɗin cizo yana zama ne a gado da tsagar bango. Kaska tana jikin dabba. Ƙazuwa wani ƙwaro ne daban da ke shiga cikin fata. Akwai kuma ƙwarƙwatar tufafi, wadda take zama a ɗinkin riga, kuma ita ce take yaɗa wasu cututtukan zazzaɓi masu tsanani a wuraren yaƙi da cunkoso. Ita kuwa ta kai, wadda muke magana a kanta, ba a san ta da yaɗa wata cuta ba. Illarta ita ce ƙaiƙayi, da hana barci, da gyambon da susa take jawowa.

Wanda duk yake son ya yi maganinta, to sai ya san lissafin kwanakinta, domin maganin gaba ɗaya a kan wannan lissafi aka gina shi. Macen ƙwarƙwata tana rayuwa kamar kwana 30 a kan mutum, kuma tana yin ƙwai kamar shida ko fiye a kowace rana. Tana liƙa kowane ƙwai a jikin silin gashi, dab da fatar kai, da wani irin danƙo mai ƙarfi wanda ruwa da sabulu ba sa cire shi. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10. 'Yar da ta fito kuma tana ɗaukar kwana 9 zuwa 12 kafin ta girma ta soma nata ƙwan. Idan ƙwarƙwata ta faɗo daga kai, ba ta wuce kwana ɗaya zuwa biyu take mutuwa saboda yunwa. Mai karatu ya riƙe waɗannan alƙaluma, za mu sake komawa gare su.

Ga wani abu da zai ba ɗaliban harshe sha'awa. A shekarar 2022 masu binciken kayan tarihi suka bayyana cewa sun karanta wani rubutu a jikin wani ɗan mataji na hauren giwa da aka tono a Lakish, a ƙasar Isra'ila. An ƙiyasta cewa an yi matajin ne wajen shekara 1700 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma rubutun haruffa 17 ne cikin harshen Kan'aniyawa. Ana ganin ita ce cikakkiyar jimla mafi tsufa da aka samu da irin waɗannan haruffa, waɗanda su ne kakannin abajadan da muke rubutu da su a yau, na boko da na ajami. Jimlar kuwa ba kirarin sarki ba ce. Fata ne kawai cewa wannan haure ya tumɓuke ƙwarƙwatar gashi da ta gemu. Hauren giwa kayan masu hali ne a wancan zamani, ke nan ƙwarƙwata ba ta taɓa sanin gidan talaka da na attajiri ba.

Yadda ake gane ta a cikin kitso

Ba kowane ƙaiƙayi ne ƙwarƙwata ba, kuma ba kowace ƙwarƙwata ce take zuwa da ƙaiƙayi nan take ba. Idan karo na farko ne da ta kama yaro, ana iya yin mako 4 zuwa 6 kafin ya fara susa, domin ƙaiƙayin martani ne da jiki yake yi ga miyaun ƙwaron. Kafin nan ta riga ta hayayyafa. A ɗaya ɓangaren kuma, yarinya mai kitso tana da dalilai da yawa na susar kai. Kitson da aka ja da ƙarfi yana fitar da ƙananan ƙuraje a goshi da ƙeya. Kitson da ya daɗe yana tara datti da mai. Ga amosani, ga kuma makero, wanda yake cinye gashi ya bar fili mai fari-fari, shi kuma maganinsa daban ne ƙwarai.

Inda za a fara dubawa shi ne bayan kunnuwa da ƙeya, a cikin hasken rana. A kitso irin su shuku ko zane, tsagar da ke tsakanin layi da layi a buɗe take, amma ƙwarƙwata ba ta son haske, sai ta shige ƙarƙashin kitson inda gashi ya cunkushe. Saboda haka a ɗaga gefen kowane layi da kibiya ko tsinke a duba gindin gashin. Bambancin ƙwai da amosani mai sauƙi ne: amosani yana kaɗewa idan an hura shi ko an taɓa shi da yatsa, ƙwai kuwa sai an kama shi da farce an ja shi har ƙarshen silin gashi. Ƙwan da ke da rai yawanci yana cikin milimita 6 daga fatar kai, kuma launinsa ruwan ƙasa ne. Wanda ya yi fari kuma ya yi nisa da fata, galibi ɓawo ne da aka riga aka ƙyanƙyashe, domin gashi yana tsiro kamar santimita ɗaya a wata yana tafiya da shi. Tabbacin da ya fi kowane shi ne a ga ƙwarƙwata mai rai tana motsi.

Sai an tsefe

A nan ne gardama take tsakanin uwa da mai ba ta shawara. An kashe kuɗi an yi kitson salla ko na Kirsimeti, yarinya ta zauna awa uku ko huɗu a gaban makitsiya tana kuka, wataƙila har an ƙara gashin doki, sai bayan mako guda a ce a tsefe. Uwa da yawa takan nemi wata dabara: a ɗiga magani a tsaga, a ɗaure da ɗankwali, a bar kitson yadda yake.

A ganina wannan dabara asarar magani ce kawai. Maganin ƙwarƙwata yana aiki ne idan ya jiƙa kowane silin gashi tun daga gindi, kuma cikin kitso matsattsen wuri ne da ruwa ma da ƙyar yake ratsa shi. Ƙwarƙwatar da ke can ciki za ta tsira, ko kuma ta sami ɗan kaɗan wanda bai isa ya kashe ta ba. Sannan mataji ba ya shiga kitso, alhali tajewa ita ce rabin aikin. Kuma idan maganin ya shiga ciki, wanke shi ya fita zai yi wuya, sai ya zauna a fatar yarinya fiye da lokacin da aka ƙayyade. Saboda haka babu makawa sai an tsefe kan gaba ɗaya. Gashin dokin da aka cire, abin da ya fi shi ne a ƙulle shi a leda a zubar. Idan dole sai an sake amfani da shi, a bar shi a ƙulle cikin ledar har mako biyu.

A lokacin tsifar, a shimfiɗa farin zane a kafaɗar yarinyar don a riƙa ganin abin da yake faɗowa, mai tsifar kuma ta ɗaure nata kan.

Hanyar magani

Maganin da aka fi sani shi ne fametirin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, wanda ake iya yi wa yaro tun daga wata biyu da haihuwa. Ana wanke kai da sabulu ko shamfu, a goge da tawul ya zama da ɗan danshi, a raba gashin kashi-kashi, a shafa maganin daga fata zuwa ƙarshen gashi, a bar shi minti 10, sannan a ɗauraye. A ɗauraye kan a bisa kwano ko bokiti, yarinyar ta sunkuya, don kada ruwan ya bi mata jiki ko ya shiga ido. Gashi mai cika irin namu yakan ci magani fiye da abin da aka zata, don haka kwalba guda ba lallai ta isa ba.

Akwai abu guda da ya shafe mu kai tsaye. Man da muke shafawa, ko man kaɗanya ne ko na kwakwa ko basilin, yana lulluɓe gashi ya hana fametirin kama shi. Haka ma man laushin gashi da ake sawa bayan shamfu. Don haka a ranar magani a wanke maiƙon tas tukuna, kada a sa komai kafin maganin, kuma kada a sake wanke kan sai bayan kwana ɗaya ko biyu.

Fametirin yana kashe ƙwarƙwata amma ba ya kashe dukkan ƙwai. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake maimaita shi a rana ta 9. Idan muka koma ga lissafinmu na baya, a wannan rana kusan duk ƙwan da ya tsira ya ƙyanƙyashe, amma 'ya'yan ba su kai ga yin nasu ƙwan ba. Wanda ya yi sau ɗaya ya tsaya, bayan mako uku zai ga kan ya koma yadda yake, sai ya ce maganin jabu ne. Yarabawa suna da karin magana cewa muddin ƙwarƙwata ba ta ƙare a jikin tufa ba, jini ba zai ƙare a farce ba.

Gaskiya ne kuma cewa a ƙasashe da dama ƙwarƙwata ta fara jure wa fametirin. Alamar haka ita ce, bayan awa 8 zuwa 12 da yin magani a ga suna yawo da ƙarfinsu kamar ba a yi komai ba. Idan haka ta faru, ƙara yawan maganin ba shi da amfani, sai a koma wurin likita ko masanin magunguna ya canza wani. Akwai malatiyon, wanda ake bari a kai awa 8 zuwa 12, amma yana kama wuta, don haka ba a kusantar fitila ko murhu da shi, kuma ba na ƙananan yara ba ne. Akwai daimetikon, wani mai ne da yake lulluɓe ƙwaron ya kashe shi ba da guba ba. Akwai kuma aibamektin na shafawa, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yarda a sayar ba da takardar likita ba a shekarar 2020. Na sha kuwa sai likita ya rubuta, kuma ba a ba yaron da nauyinsa bai kai kilo 15 ba. Ba duka ake samu a kowane kemis ba.

Hanyar mataji

Ana iya raba yaro da ƙwarƙwata da mataji kaɗai, ba tare da magani ba, kuma hukumar lafiya ta Ingila wannan hanya take ba da shawarar a fara gwadawa. Ana taje jiƙaƙƙen gashi a rana ta 1, da ta 5, da ta 9, da ta 13, sannan a sake dubawa a rana ta 17. Hikimar ita ce a riƙa kwashe duk 'yar da ta ƙyanƙyashe kafin ta girma.

Sai dai matajin ƙwarƙwata haƙoransa a matse suke ƙwarai, tsakaninsu bai wuce kashi biyu ko uku cikin goma na milimita ba. Idan aka cusa shi haka nan cikin gashi mai murɗiya da aka tsefe yanzu, gashin zai tsinke, yarinyar za ta yi ihu, kuma gobe ba za ta yarda ta zauna ba. Aikin yana buƙatar tsari. A jiƙa gashin, a sa masa man laushi da yawa har ya yi santsi. Matan Arewa da na Chadi sun daɗe suna wanke kai da ruwan karkashi saboda yauƙinsa, kuma wannan yauƙi yana taimaka wa mataji ya wuce, ko da yake ba ya kashe ƙwarƙwata. Santsin yana kuma rage wa ƙwaron gudu. A fara warware gashin da yatsu, sannan da mataji mai manyan haƙora, sannan a raba shi gida shida ko takwas a ɗaure kowanne. A kwance gida ɗaya, a ɗebi ɗan siriri, a kafa ƙaramin matajin a fatar kai a ja shi har ƙarshe, a goge a farin ƙyalle a duba. Idan an gama da gida, a kitse shi kalaba guda mai kauri a wuce na gaba. Matajin ƙarfe ya fi na roba jure wa irin gashinmu. Inda mataji ya ƙi wucewa, farce yana nan, shi ne kayan aikin da kakanninmu suka yi amfani da shi.

Waɗannan manyan kalaba su ne kitson yarinyar har tsawon kwanakin nan. Suna hana gashin cukurkuɗewa, ana iya tsefe su cikin 'yan mintuna, kuma za ta iya zuwa makaranta da su. Ko da an bi hanyar magani, yana da kyau a riƙa tajewa bayan kowane kwana biyu ko uku, amma a jinkirta man laushin zuwa kwana biyu bayan an sa fametirin.

Ga yaro namiji, aski yana gama magana. Ga yarinya kuwa ban ga dalilin aske mata kai ba, sai fa idan gyambo ya yi yawa har ma'aikacin lafiya ya nemi haka. Tsokanar da za ta sha a makaranta ta fi ƙaiƙayin ciwo.

Abin da ba a sawa a kan yaro

Garin neman gira ana rasa ido. Mutane suna zuba kananzir, ko fetur, ko fiya-fiya, ko Sniper a kan yara, musamman idan ba a son tsefe kitso, domin ana ganin ƙarfin warinsu zai ratsa inda magani bai kai ba. Sinadarin da ke cikin Sniper da mafi yawan fiya-fiya sunansa daikulobos, maganin ƙwarin gona ne, kuma fata tana tsotse shi ya shiga jini. Fatar kan da aka sosa ta yi rauni ta fi saurin tsotsewa, ɗaure kan da leda ko ɗankwali kuma yana ƙara abin. A shekarar 2019 jaridun ƙasar nan sun ruwaito rasuwar wata budurwa da ta sa Sniper a gashinta don kashe ƙwarƙwata, kuma a wannan shekara ce hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da manyan kantuna. Kananzir da fetur kuma suna ƙona fata, sannan a gidan da ake girki da risho ko itace, tartsatsi guda ya isa.

Idan an riga an yi wannan ganganci, alamomin guba su ne dalalar miyau, gumi, amai, hawaye, ƙanƙancewar ƙwayar ido, wahalar numfashi da jijjiga. A cire wa yaron tufafi, a wanke kan da jikin da sabulu da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti tare da kwalbar. Manja da madara ba makari ba ne, ɓata lokaci ne kawai, alhali asibiti suna da allurar da take karya wannan guba.

Gida, makaranta da makitsiya

Mafi yawan yaɗuwar ƙwarƙwata ta hanyar haɗa kai da kai ne, a wurin wasa, ko kwanciya a tabarma ɗaya, ko leƙa waya ɗaya. Saboda haka a duba kowa a gidan, kuma duk wanda aka samu da ita a yi masa magani a rana ɗaya da yarinyar. Wanda ba a ga komai a kansa ba, ba ya buƙatar magani, sai dai mai kwana gado ɗaya da ita.

Kayan gida ba sa buƙatar wahala mai yawa, tun da ƙwaron ba ya wuce kwana biyu a wajen kai. Abin da yarinyar ta yi amfani da shi cikin kwana biyun da suka wuce, kamar ɗankwali, hijabi, hular makaranta, rigar matashin kai da zanen gado, a wanke da ruwan zafi da ya kai digiri 54 ko fiye, ko a goge da dutsen guga. Mataji da kibiya da ribom a jiƙa su a ruwan zafi minti 5 zuwa 10. Fesa maganin ƙwari a ɗaki ba shi da wani amfani a nan.

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a rahotonta na shekarar 2022, ta ce bai kamata a kori yaro daga makaranta saboda ƙwarƙwata ba. Da yawa daga cikinmu aikin koyarwa za mu yi, don haka wannan ya shafe mu. Malamin da ya ga ƙwarƙwata a kan ɗaliba, ya sanar da iyayenta a asirce, kada ya tsayar da ita a gaban aji. A makarantun kwana, inda 'yan mata suke yi wa juna kitso ranar Asabar da mataji ɗaya, ya fi kyau a duba ɗakin kwanan gaba ɗaya.

Idan fatar kan ta yi gyambo mai ruwa ko mugunya, ko kaluluwa ta fito a wuya, ko zazzaɓi ya biyo baya, to ƙwayoyin cuta sun shiga inda aka sosa, sai a je asibiti kafin a sa kowane magani. Haka kuma jaririn da bai kai wata biyu ba, mataji da yatsa kawai ake yi masa.

Ƙananan kitso kuwa sai a dakata da shi har a wuce rana ta 17 ba a ga mai rai ko guda ba. Ranar da za a koma wurin makitsiya, a tafi mata da matajin gida da kibiyar gida, kuma a gaya mata abin da ya faru, domin yaran da suka zauna a gabanta a makon da aka yi wancan kitson su ma suna buƙatar a duba su.